Mura daban, marisuwa daban: shekara bakwai bayan Asma'u

Shekara bakwai ke nan, a cikin wannan wata, da aka sallaci Hajiya Asma'u bayan La'asar a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kai ta makwancinta a Baƙi'a. Kowace shekara nakan yi mata addu'a a ɗakina in yi shiru, domin ban saba kai makokina jarida ba. Bana na saɓa wa al'adata. Na fara wannan rubutu ne mahaifiyarta, Inna Hajara, wadda ta haura tasa'in, tana kwance a asibiti da robar iska a fuskarta, likitoci kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. Abin da ya kwantar da ita shi ne ainihin abin da 'yarta ta ƙarar da ƙarfinta tana tarewa.

Ga wanda bai san ta ba, Asma'u haihuwar Madina ce, jikar mutanen da suka baro ƙasar Kano da ƙafa domin sauke farali, suka zauna. Jami'ar wayar da kai ce a wani ƙaramin asibitin unguwa, irin wanda a nan ake kira mustausaf. Ni kuwa da girmana na zo, na biyo maigidana da ya sami aikin koyarwa, bayan na yi shekaru ina aikin jinya a asibitin mishan da ya horar da ni tun ina budurwa. Ita ta nemo ni har gida. Ta ce Hausarta ta cikin gida ce, rabinta Larabci, tana son wadda za ta riƙa tace mata magana kafin ta kai wa mutane. Na gaya mata ni ba na wuce kuskure in yi kamar ban gani ba. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan.

Mutanen da take nufi su ne masu jinyar tsofaffi. Mata ne galibi, daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Chadi da Sudan da Kano, waɗanda suke yi wa tsoho wanka, su ba shi abinci a baki, su juya shi kada kwanciya ta ci masa fata. Waɗansu a gidajen iyalai suke aiki, waɗansu a rubaɗi, wato gidajen waƙafi da ake zaunar da tsofaffin matan da ba su da kowa. Sanarwar hukuma da Larabcin ofis take fitowa, kuma shugabannin gidaje take nufa. Wadda take riƙe da cokali a bakin tsohuwa ita ce ta ƙarshe da ke ji, idan ma ta ji.

Da zarar zafi ya fara karyewa, Asma'u takan shiga zagaye. Takan tara su a tsakar gida ta gaya musu cewa allurar rigakafin bana ta iso, da wanda ya kamata a fara yi wa, da cewa ita kanta mai jinya sai an yi mata, tun da numfashinta ne ya fi kusa da na tsohuwa. Takan haɗa da duk abin da ya sauya a shekarar: inda aka mayar da karɓar keken guragu, da ranar da aka canja ta karɓar magani, da wanda za a kira idan tsohuwa ta faɗi a banɗaki. Abu ɗaya na ƙara mata daga horon da na samu, ta riƙe shi har ta rasu. Ba a tashi daga taro sai kowace mace ta maimaita saƙon da bakinta. Gyaɗa kai ba amsa ba ne.

Saɓaninmu mafi tsawo a kan kalma guda ne. Cutar da ake yi wa wannan allura, wadda likitoci ke kira infuluwenza, kowa mura yake ce mata. Asma'u ta ƙi. A bakin tsofaffin rubaɗi ta ji kalmar marisuwa, sunan annobar da ta share garuruwa a zamanin iyayensu, ta ce da ita za ta yi aiki. Na ce ba daidai ba ne a ɗauko sunan annobar da ta wuce a tsorata mata da shi.

"Yaya, idan na ce mura, wa zai tashi daga kan tabarma?" in ji ta. "Cutar ɗaya ce ko ba ɗaya ba ce?"

Na ce dangi ɗaya ne.

"To, ai ban yi ƙarya ba ke nan."

Muka tsaya a kan "marisuwar sanyi", da sharaɗin kullum za ta bayyana cewa ba irin ta da ba ce, amma tana iya sauka a huhun tsoho ta kashe shi, kuma allurar ta mai lafiya ce, ba ta wanda ya riga ya kwanta ba. Da wannan kalma ta yi zagayenta shekara da shekaru. Ban taɓa ganin matar da ta ji ta ta ci gaba da tsinke zogalenta ba.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Ba ta ga korona ba, ba ta ga yadda komai ya koma cikin waya ba. Na tabbata da yawa daga ciki za su faranta mata. Abin da ta daɗe tana roƙo, a riƙa bin tsofaffin da ba sa iya fita har gida a yi musu allura, yanzu ana yi. Sanarwa tana isa cikin ƙiftawar ido, ba sai an jira mota ba. Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Amma na san tambayar da za ta yi, domin ita ce tambayarta kullum: wayar wa saƙon ya shiga, kuma wa ke gida idan aka ƙwanƙwasa ƙofa?

A gidan Inna Hajara da ke Aziziyya, saƙon ya shiga wayar Salwa ne, 'yar Asma'u, wadda ke aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a tsakiyar gari. Ta yi abin da ya dace. Ta yi wa kakarta rajista domin a zo gida, ta kira Hadiza, matar Maraɗi da ke jinyar Inna, ta ce mata za a zo yi wa tsohuwa allurar mura. Lokacin cunkoson Umara ne, Salwa ba ta dawowa sai a gajiye. Masu allura suka zo ranar da aka sa. Hadiza ta yi musu magana ta bayan ƙofa da ɗan Larabcin da take da shi. Suka fahimci gidan ya ƙi, suka tafi. Bayan 'yan makonni Salwa ta dawo daga otal da tari, kamar yadda duk mai aiki da alhazai ke dawowa da shi a wannan lokaci.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai ranar Juma'ar da na je gaishe da Inna kamar yadda na saba. Tun daga falo na ji numfashinta. Wanda ya yi aikin jinya ba ya mance wannan sauti. Na taɓa goshinta, na dubi leɓɓanta, na juya wajen Hadiza.

"An yi mata allurar bana?"

"Sun zo, Hajiya. An ka ce ta mura ta. Ni ko nac ce musu lafiyatta lau, ko atishawa ba ta yi. Don mi za a soke tsohuwa a banza?"

"Ke fa, an yi miki?"

"Ni mi yas same ni?"

Ban yi mata faɗa ba, duk da cewa an san ni da faɗa. Matar nan shekara da shekaru take kwana a ƙasa kusa da gadon Inna. Da abin da aka gaya mata ta yi hukunci, kuma a kan abin da aka gaya mata hukuncin ba na wauta ba ne. A garinsu, allura ta marar lafiya ce, mura kuwa da citta da lemon tsami ake korar ta. Na kira Salwa, na yi mata Hausa, ta amsa mini da Larabci kamar yadda yaranmu na nan suke yi. Ta rantse ta gaya wa Hadiza. Na ce na sani, amma me kika ce mata? Ta faɗa. Na ce ba sunan cutar ke nan ba. Sai ta juyo da Hausa, a hankali, ta kira ni yadda ake kiran gwaggo a nan: "Khala, wace kalma ce kuma? Ita kaɗai na sani." 'Yar Asma'u ce ta yi mini wannan tambaya. Babu wanda ya koya mata, har da mu da muka san kalmar.

A asibiti aka tabbatar da abin da kunnena ya riga ya ji. Cutar ta sauka a huhu. Na tambayi likitan ko za a iya yin allurar yanzu, ina sane da amsar, domin Salwa ta ji da kunnenta. Ya ce lokacinta ya wuce a wannan karo, sai in ta tashi. Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan: ba zan rantse cewa da an yi mata allurar ba za ta kamu ba. Babu nas ta ƙwarai da za ta rantse da haka. Abin da aka sani shi ne allurar tana rage wa cutar ƙarfi, kuma a jikin mai shekara tasa'in, ɗan ragin nan shi ne tsakanin jinya a gida da gadon asibiti.

Muna cikin kwanakin jira, ba mu da abin yi sai kallon allon da ke nuna iskar jininta, na ce wa Salwa ta ɗauko wayarta mu tafi rubaɗin da ke Aƙiƙ, inda mahaifiyarta ta fi zuwa. Abin da na tarar ya fi tayar mini da hankali fiye da na gidan Inna. Matan wurin ba su san cewa zuwan masu allura gida yanzu sai an yi rajista ta waya ba, suna zaune suna jiran a zo a sanar da su kamar da. Ɗaya ta ce ai an yi musu tun lokacin korona, ta ɗauka sau ɗaya ake yi a gama. Wata ba ta san an mayar da wurin karɓar magani ba, tana zuwa tsohon wurin ana mayar da ita. Salwa ta riƙa karanta sanarwar da Larabci, ni ina mayarwa Hausa, sa'an nan na sa kowace ta maimaita. Gwaggo Fanna, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta harare ni.

"Sista, ke har yanzu jarrabawa kike yi wa mutane? Gwiwa ta tafi, baki bai tafi ba."

"Har sai kin ci. Ta wa ce allurar?"

"Ta mai lafiya."

"Ta wace cuta?"

Ta dubi Salwa daga sama har ƙasa. "Wannan ba 'yar mai marisuwa ba ce?" Aka ce ita ce. Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗakuna tana kiran sauran su fito.

Ga masu tsara waɗannan sanarwoyi, da masu gidajen jinya, da iyalan da suka ɗauki wata ta kula musu da tsoho, ina da magana gajera. Aika saƙo ba shi ne isar da shi ba. Ku san harshen wadda ke gida, ku san abin da kalmarku take nufi a kunnenta, ku sa ta faɗa muku abin da ta fahimta. Ku tambayi ko ita ma an yi mata. Idan aka ce muku gida ya ƙi, a kira a ji dalili kafin a rufe batun. Ga matasanmu kuma, ba na zargin wanda ya tashi da Larabci a bakinsa a ƙasar da aka haife shi. Amma duk wanda yake tsakanin hukuma da tsohuwa tafinta ne, ko ya so ko bai so ba, kuma tafinta ba ya aiki da kalmar da ta fi sauƙin zuwa baki.

Jiya aka cire wa Inna robar iska. Zazzaɓin ya sauka, ta gane mu, ta nemi kunu. Mun gode wa Allah. Sai dai matar da take dafa bango ta je ta yi alwala, ta tsaya ta yi sallarta, ba ita za mu mayar gida ba. Kwanciyar ta ci ƙafafun. Likita ya faɗa, ni ma na duba na gani. Daga yanzu a kwance za ta riƙa sallah, Hadiza ce kuma za ta riƙa ɗaga ta.

Idan na auna abin da ya rage na Asma'u, ba shi da yawa a ido. Ba ta bar gini ba, ba ta bar ƙungiya ba, aikin da ta ɗauka kuwa ba a rubuce yake a kan kowa ba, shi ya sa da ta tafi ya tafi ba tare da an lura ba. Shekara bakwai muna yabon ta a wajen ta'aziyya da walima, ba mu tambayi wa ya gaje ta ba. Abin da ya rage shi ne tsirarun matan da har yanzu suke miƙewa idan suka ji sunanta, su ma sun tsufa, ni ma haka. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya karɓi zirga-zirgar da ta yi a matsayin sadaka mai gudana. Ya kuma ba mu kunyar da za ta hana mu bari mahaifiyar wani ta rasa tsayuwar sallarta saboda an kira cuta da ƙaramin suna.