Mazaunin Baya

Karatun injiniya ne ya kawo ni garin Villeurbanne, kusa da Lyon, daga Damagaram. A shekarata ta biyu allo ya fara yi mini hazo. Likita ya ce ciwon na gado ne, ganin zai yi ta raguwa. Na bar makaranta, na kulle kaina a ɗaki.

Wani ɗan garin Garwa da muke sallar Juma'a tare, mai kai saƙo a kan keke, shi ya zo ya buga mini ƙofa. Yaya nake ce masa.

"Ƙanena, ido ne ya tafi, ƙafa tana nan. Taso."

Ya aro tandem, keken nan mai mazauni biyu. Shi a gaba yana tuƙi, ni a baya ina taka feda. Da Hausa yake faɗa mini hanya: kwana, gangara, miƙe tsaye. Da tafiya ta yi tafiya ma ya rage magana, ta sarƙar keken nake jin abin da ƙafarsa ke nufi. Muka shiga kulob a Lyon, muka fara cin tsere, har aka kira mu Paris gwajin zaɓen manyan 'yan wasa.

Ana saura kaɗan mu tafi, mota ta buge shi a bakin aiki a Vaulx-en-Velin, gwiwa ta farfashe. Na je asibiti na ce masa na fasa.

"Kada ka soma," in ji shi. "Wahalar da na sha ina jan ka a tudu fa?" Dariya yake yi, ina riƙe da hannunsa.

Aka haɗa ni da wani Bafaranshe, ƙwararre, mutumin kirki, ya ma fi Yaya ƙarfi. Sai dai kafin ya ce « à gauche » in gane hagu yake nufi, jikina ya riga ya makara. Muka zo na huɗu, uku ake ɗauka.

Daga cikin jirgin ƙasa na RER na kira Yaya a waya. Ashe ya riga ya ji.

"Na huɗu, ɗan Damagaram! Ai ba kasawa ba ce."

Sai muka yi sallama.

Na ci gaba da tsere, na samu 'yan lambobi, amma ban ƙara kaiwa wannan matakin ba. Shi kuwa ƙafar ba ta koma daidai ba, aikin ya gagare shi, ya tattara zai koma wajen iyalinsa. Na raka shi tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, yana dogara sanda, ina dafe da kafaɗarsa. Jirgi ya tashi, na tsaya a wurin har wata ma'aikaciya ta zo ta tambaye ni ko akwai mai zuwa ɗaukata.