Auta da Kwanon Ɗanɗano

Ƙanwata Auta shekara ashirin da shida tana dafa wa ma'aikatan wani kamfanin sabulu abincin rana, kuma a duk shekarun nan, in ka tambaye ta, ba ta taɓa cin abinci ba. Haka take faɗa, ko kunya babu. "Ni ina na ga lokacin ci, Yaya? A tsaye nake wuni." Ni kuwa sai in dube ta daga sama har ƙasa, mace ta cika ƙofa, sai ta karkace take shiga banɗaki, in ce to, lallai iska ta karɓe ki.

Mu bakwai uwarmu ta haifa, ni ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa har yau da furfura a kanta Auta muke ce mata. Ni na goya ta. Tun tana 'yar shekara tara take taka kujera ta leƙa tukunya. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu yarinyar tana rarrafe. Sai ta ɗaure ɗamara ta shiga kicin ɗin kamfani tana wanke-wanke. Cikin shekara uku ludayi ya dawo hannunta. Mutum ɗari biyu da 'yan kai take ciyarwa kullum da tukwane shida, kowace za ka iya zama a ciki ka miƙe ƙafa. Da wannan ludayin ta raini 'yar har ta zama malamar makaranta, wadda yanzu duk gidan Malama muke kiranta. Da nawa mijin ya rasu, na tattara 'yan komatsaina na koma wurinsu.

Bara yanar ido ta rufe mata idon dama, na hagu ma ya fara bin sahu. Matar da take hango tsakuwa a cikin wake daga bakin ƙofa, sai ga shi wani ma'aikaci ya tauna dutse a abincinta har haƙori ya gutsire. Manaja ya kira ta, ya yi mata magana mai laushi irin wadda ta fi zagi ciwo: ko za ta fara tunanin hutawa?

Likitan ido ya ce aikin ba wani babba ba ne, amma ba zai taɓa idon ba sai sukarin jininta ya sauka, don in ya yanka a haka ciwon ba zai warke da kyau ba. Sau biyu muna zuwa da jakar kaya, sau biyu ana auna ta a ce mu koma gida. A na biyun ya cire tabarau ya ce, "Mama, na ba ki wata uku. Yanar dai ina iya cire ta. Amma in sukarin nan ya ci can cikin idon, wannan babu mai gyarawa. Me kike ci?"

"Wallahi likita ba na cin komai."

Na ce, "Likita, ka rubuta ƙarya take."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gida gaskiyarta ne. Da safe ba ta karyawa, da yamma ta dawo ta ce ba ta jin yunwa.

Malama, Allah ya yi mata albarka, ta samo babbar takarda da biro kala uku, ta tsara wa uwarta rayuwa tun daga asuba, ta manna a jikin firij. Na ce, "Ke da karatunki, matar da ba ta gani kika yi wa rubutu?" Sai ta saita mata waya ta riƙa ƙara lokacin magani. Wayar kuwa tana cikin jaka, jakar tana cikin kabad, a kicin ɗin da ko ihu ka yi sai an ce me ka ce. Sati biyu suka tafi a banza.

Ranar wata Litinin na ɗauki sandata na ce yau da ni za a je.

"Ki je ki yi me? Ba a shiga da baƙi."

"Ki ce musu kin zo da mai tsintar wake, tunda ke kin daina."

Na samu akwatin lemo na kife a gefen murhu na zauna. Dogo, mataimakinta, wani siririn dattijo da ya shekara goma sha biyar yana yanka mata albasa, ya kawo mini shayi. Ban yi minti ashirin ba na ga inda gizo ke saƙa. Auta ta buɗe tukunyar miya, ta ɗebo ludayi, ta hura, ta shanye. Ta ƙara gishiri, ta sake ɗebowa. Ta matsa kan shinkafa, ta cika cokali don ta ji ko ta nuna. Ba ta nuna ba. Bayan jimawa kaɗan ta sake. Ta ɗauki yankan nama ta ji ko ya yi laushi, ta kora da shayi mai sukarin da cokali zai iya tsayuwa a ciki.

Na ce, "Dogo, ba ni kwano da ludayi."

Daga nan duk abin da ta kai baki, sai in lallaɓa in ɗebi daidai shi in zuba a kwano. Ta sha ludayi, in zuba ludayi. Ta ɗauki nama, in ɗauki nama. Ita ba ta gani sosai, ga aiki ya sha mata kai. Dogo ya gane, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Kafin sha ɗaya na ce ya ƙaro kwano. Da aka gama rabo ta hau kankare ƙanzo tana ci, wai zubar da abinci babu kyau, na kankare nawa ni ma a kwano na uku.

Ƙarfe biyu ta zauna tana fifita da gefen mayafi, ta ce, "Kin gani ko, Yaya? Ko loma ban sa a bakina ba."

Na jera mata kwano uku a gabanta, na ukun ya wuce rabi.

"Wannan na wa ne?"

"Na wata baiwar Allah ce da ba ta cin abinci."

Ta sunkuya ta kai ido kusa, ta ɗaga kwano ɗaya ta ji nauyinsa. Ta ce, "Dogo, da kai aka haɗa baki?"

"Ni albasa nake yankawa, uwar ɗakina. Ita ce ma ta sa ni hawaye."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon ta ce, "To ya zan yi? Mai girki ba ta ɗanɗana ba, ai ta zama mai dafa ruwa."

Nan ta yi gaskiya, kuma nan muka fara. Ban ce ta daina ɗanɗano ba. Na cire cokalin shayi ɗaya daga kwando, na ɗaure shi da igiya a jikin rigar aikinta. Kowace tukunya sau biyu, da bakin cokalin nan, shi ke nan. Shinkafa a murza ta da yatsa, nama a soka masa cokali mai yatsu. Ƙanzo kuwa mai gadi yana da kaji, ya yi ta godiya. Maganinta na zuba a gwangwanin da take ajiye ashana, don shekara ashirin da shida ba ta taɓa manta kunna wuta ba. Da safe sai ta karya a gabana kafin in ba ta makullin ƙofa. Ƙarfe ɗaya daidai, Dogo ya karɓi ludayi, ita kuma ta zauna a kujera ta ci faranti ɗaya, rabinsa ganye, kamar yadda likita ya ce. Wannan zaman ya fi komai yi mata wuya. Wai kunya take ji a gan ta tana ci.

Sai tafiya. Motar kamfani tana ajiye ta a ƙofar gida da yamma. Na je na samu direban na ce daga yau a bakin gada zai sauke ta, in ya kawo ta gida ni da shi ne. Ni kuma in je can in jira ta da sandata. Ranar farko sau huɗu muka tsaya, tana haki tana tsine wa wanda ya gina gadar nesa da gidanmu.

"Yaya, ƙafata za ta cire."

"In ta cire zan riƙe miki. Na girme ki da shekara goma sha huɗu, ga ni a gabanki."

"Ke ai ƙashi ne da baki kawai, me kike ɗauka?"

Da faɗan nan muke isa gida ba mu sani ba.

Kada in yi muku ƙarya in ce tafiya ta miƙe sumul. A sati na shida Dogo ya kwanta zazzaɓi kwana biyar, ga baƙi kamfani ya yi. Ba mai karɓar ludayi, ba zama, ba faranti. Ta dawo ta ce mini ba ta jin yunwa. Na ce, "Auta, ina cokalin?" Ta ce igiyar ce ta tsinke. Malama ta auna ta da ɗan injin nan na auna sukari a yatsa, ta ga abin da ta gani, ta fashe da kuka. Auta ta zauna a bakin gado ta ce a ƙyale ta, ta ɓata komai, dama ita ba mai iyawa ba ce.

Na ce, "In miyarki ta yi gishiri, zubar da ita kike yi?"

"Wa zai zubar da miyar mutum ɗari biyu? Gyarawa ake yi."

"To tashi ki nemo igiya."

Washegari ita da kanta ta ɗauki kwano ta ajiye a gefen murhu. Ta ce duk lokacin da hannunta ya ɗebo ludayi bisa sabo, a nan za ta juye. Ranar ta cika rabin kwano. Bayan sati ɗaya ko gindinsa ba ta rufewa. Ma'aikata suka ji labari, masu layin abinci suka riƙa leƙowa ta taga suna cewa, "Mama, yau nawa aka ci?" Ita kuma ta ɗaga musu kwanon ta ce, "Ku duba da idonku, 'yan sa ido."

Wata uku suka cika. Muka koma da jakar nan tamu da ta saba zuwa ta dawo. Aka ɗebi jini, muka zauna a benci, Auta ta riƙe hannuna har yatsuna suka mutu. Likita ya dubi takarda, ya dube ta, ya ce, "Mama, wane magani kika ƙara?"

Ta ce, "Yayata."

Ya ce a ba ta gado.

A ranar aka yi aikin. Washegari da hantsi nas ta zo ta ɓare audugar idon a hankali. Auta ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye ya zubo. Ta kalli taga ta ce ga tsuntsu can a kan waya, har biyu. Ta kalli Malama ta ce ɗankwalinta bai dace da rigar ba. Likita ya haska fitila, ya ce cikin idon lafiya lau, bayan sati huɗu ta koma bakin tukwanenta, na hagun kuma a yi shi in ta huta. Sannan ta juyo kaina. Ta daɗe tana kallona.

"Innalillahi. Yaya, ashe haka kika tsufa?"

Na ce, "Likita, mayar mata da audugar."

Nas ta yi dariya har ta saki tire.