Yakuwa uku a falo

Ina rungume da bokitin ƙasa, ina nishi a bakin ƙofa, Maman Hauwa ta leƙo daga kicin.

"Sannu Sarkin Noma. Baƙin naka yau ma a falo za su kwana?"

Na ce, "Uwargida, ni na kwantar da su, ni zan yi jinya."

Laifina ne kam. Irin yakuwa ne da marigayiya mahaifiyarta ta ƙulle mata a tsumma daga Maraɗi, Uwargida ta tsirar da shi a kofuna gefen taga. Ƙarshen Fabrairu rana ta fito kwana huɗu a nan Greensboro, garin Turawan da muke zaune, ni da ko firamare ban gama ba na zama masanin yanayi, na dashe su duka a filin bayan gidanmu. Safiya ɗaya sanyi ya ƙone su, saura uku, na mayar da su cikin bokitai.

Yanzu kullum in fitar da bokitai su sha hantsi, in na taso aiki in shigo da su. Bayana yana ƙara, amma in sha Allah sai Hauwa ta sha miyar kakar da ba ta taɓa gani ba.

Ku maƙwabtanmu mutanen Summerfield masu filin noma, yaushe ake yarda da ranar garin nan a yi dashe?