Yadda Muka Zama Gidan Jaki-Ɗaya

In ka tambayi jikokina ma'anar sunan gidanmu, Jaki-Ɗaya, za su ce kakanmu malami ne da ya taso daga Barno da littattafai a kan jaki guda. Ina jinsu in yi shiru, don ƙaryar ta fi gaskiyar kyau.

Mahaifinmu ɗan kasuwa ne daga Damagaram, mai rumfa a Gure. In yana zance sai ka rantse ayarin raƙuma gare shi, alhali jakinsa guda ne, shi ma mai ɗingishi. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa sunan, amma a bayan idonsa.

Ina budurwa kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, ya ce kowane gida ya ba da suna ɗaya da za a riƙa kiransa da shi har abada. Baba ya sha alwashin ba da nasa, haɗe da na kakansa. Ranar da tafintan kumandan ya zo rubuta sunaye kuwa, Baba yana Gidigir sayen gero, sai Inna a gida.

Tafinta ya tsaya bakin zaure ya ce, "Uwargida, mene ne sunan maigidan?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Mace ta kama sunan mijinta, a gaban maza? Ta ce, "Shi dai."

"Shi wa?"

"Mai gidan nan."

Tafinta ya gaji, ya juya ga maƙwabcinmu, wanda ba ya ga maciji da Baba. Bawan Allah ko tari bai yi ba ya ce Jaki-Ɗaya.

Baba ya dawo ya ji, ya nufi bariki kamar zai ci babu. Tafinta ya ce gyara mai sauƙi ne: matar ta zo gaban kumandan ta faɗi sunan da bakinta.

Ina daka a tsakar gida na ji Inna ta ce wa Baba da ya dawo, "In ka ce in faɗa, sai in faɗa. Amma gobe duk Gure za a ce matarka ta kama sunanka."

Wallahi ranar ya ba ni tausayi. Can ya tuɓe rawaninsa ya miƙa mata, ya ce, "Bari dai. Jakin ai nawa ne."