Wutar da Na Kashe a Gidan Surukata

A Jarwal aka haife ni, cikin Hausawan Makka, ban san sanyi ba sai da aure ya kai ni. Mijina Hasan Bakurde ne. Ya zo hajji, ya sauka gidan babana, ya aure ni, ya koma da ni ƙauyensu a duwatsun ƙasar Kurdawa.

Ran Talata da hantsi ina gasa gurasa, 'yarmu Zainabu, wata huɗu, tana bayana. Sai ƙugin motoci. Guda uku. Wani soja ya hau rufin masallaci ya yi shela: duk wanda ya taka bakin ƙofa, harbi. Ba a ce zuwa yaushe ba.

Su can ba a kashe wuta, toka ake rufa wa garwashi ya kwana da rai. Mu a Makka kuwa kina sauke tukunya kike watsa wa murhu ruwa, saboda zafi. Shekara biyu surukata tana kwaɓata, ni da kunnen ƙashi ina cewa na ji. Ran Laraba da la'asar hankalina yana kan ƙarar bindiga a unguwar ƙasa, hannuna ya yi abin da ya saba. Ashana kuwa ta ƙare mana tun da sojoji suka rufe hanyar garin.

Alhamis ta waye da ƙanƙara. Zainabu ta daina kuka, leɓenta ya yi shuɗi. Gidan maƙwabta taku ashirin ne. Ƙarfe bakwai Hasan ya ɗauki kasko ya fita ɗebo wuta, ina leƙe ta tsagar ƙofa. Ya shiga lafiya. Ya fito yana kare garwashin da tafin hannu.

"Tsaya!"

Harbi biyu. Kaskon ya gangaro kusa da ƙofarmu. Surukata ta zura sanda ta jawo shi. Saura garwashi ɗaya. Da shi muka hura wuta, muna kallon ƙafafun ɗanta a waje.

Kwana uku yana nan kwance. Lahadi da azahar sojoji suka fara ƙona unguwar ƙasa, muka sulale ta garken tumaki. Ba mu binne shi ba. Kwana tara muka yi a ƙafa kafin iyakar Sham. Na tsani kaina a hanyar nan, har yau ban gama ba. Surukata ta san wadda ta kashe wutar, amma ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Rabonta na gurasa ma ni take tura wa, wai don nono.

Ta rasu saura kwana biyu mu shiga Sham. Mu huɗu ne a gidan nan, mu biyu muka iso Makka. Da Zainabu ta girma ta tambaye ni abin da ya kashe ubanta, na ce soja, na tsaya nan.