Ruwan da na zuba a tankin mai

A lokacin ina matashin magidanci mai saurin fushi, ina noman albasa da kabeji a garkata, a wani ƙauye kusa da Filingue. Ina da injin ban ruwa da tankin ƙarfe da nake ajiye fetur a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, can nesa da gida. Sai na lura man yana raguwa ko ban tada injin ba, ga sawun takalmi a gindin tankin. Yayana ya ce in sayi kwaɗo in huta. Na ce masa kwaɗo ba ya hora ɓarawo, ni so nake ya ji a jikinsa. Na kwashe man na kai gida, na cika tankin da ruwan rijiya, na bar ɗan fetur a sama don wari. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar kasuwar Baleyara da hantsi naƙuda ta kama maiɗakina, ungozoma ta ce haihuwar ta zo da gardama, a kai ta asibiti. Mota ɗaya ce a ƙauyenmu. Direban ya juye wata jarkar fetur a motar, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba ta fara tari, ta mutu a tsakiyar daji. Ya buɗe, ya taɓa, ya shinshina, ya ce wallahi ruwa aka sayar masa, har ya ambaci maƙwabcin garkata da ya kawo masa jarkar da araha. Nan na gane ruwan da na zuba a tankina ne. Maiɗakina tana riƙe da hannuna tana salati, tana tambaya ko mun kusa.

Allah ya kawo wani dattijo da amalanken shanu, ya sauke buhunan geronsa a bakin hanya ya ɗauke mu zuwa asibiti. Da la'asar ta sauka lafiya, mace.

Bayan suna na je gaban mai gari na faɗi komai. Maƙwabcin ya amsa laifinsa kai a sunkuye, aka sa ya gyara motar, ni ma na kama masa, don hannuna na ciki. Tankin kuwa na maido shi bayan ɗakina, na kewaye shi da waya, na sa masa kwaɗo. Ko ɗigo bai sake ɓata ba. Yau garka na ba mu abinci, ni da maƙwabcin muna gaisawa, yarinyar tana lakwal, wato makaranta.

'Yan'uwa manoma, ku tsare kayanku tun wuri, ku ajiye mai inda ido ke gani. Amma kada fushi ya sa ku haƙa rami a hanyar da kowa ke bi. Ni ɓarawo na haƙa wa, saura kaɗan iyalina su faɗa.