Yarinyar da Ke Zagawa Bayan Aji

Ni iyakar tafiyata Kaduna, amma duk shekara sai na kai 'yan aji biyu Amurka da baki. A ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a Ƙaura Namoda ni ke da darasin haƙƙin ɗan ƙasa, kuma in muka zo kan wariya nakan ajiye littafi in ba su labarin da malaminmu ya ba mu a kwaleji. Yadda a wani zamani baƙaƙen fatar Amurka ke da makarantunsu daban, masu yoyo, farare da nasu, har famfon shan ruwa kowa da nasa. Yadda kotu ta ce a haɗa yaran wuri guda, amma sai da sojoji suka raka wasu ɗalibai baƙaƙe har bakin aji, iyayen farare na tsaye suna zagi. Ina son darasin nan ƙwarai, don ko yaron da ya fi kowa barci sai ya tashi ya ja wa Turawa Allah ya isa.

Shekarar da nake son ba da labarinta, daji ya riga ya lalace. 'Yan bindiga sun hana noma, 'yan sa-kai na ramuwa a kan duk wanda ya yi kama da Bafillace, mutanen ƙauye kuma na ta kwararowa cikin gari da tabarmi da tukwane. Makarantun 'ya'yan makiyaya da ke rugage duk sun mutu, don babu malamin da zai hau babur ya shiga daji saboda alli. Sai umarni ya zo daga sama cewa duk yaron da gudun hijira ya kawo a ba shi kujera a makaranta mafi kusa. Yaran manoma daga wajen Sakajiki suka shigo, ba wanda ya ce uffan. Ranar da 'ya'yan Fulani suka biyo baya kuwa, kafin a tashi, iyaye sun cika bakin ƙofa.

Yaran Fulanin ba su yi yawa ba, kuma kullum raguwa suke. Wannan a jefe shi a hanya, wancan a kira shi infoma, wato ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, gobe ba za ka gan shi ba. Kafin tsakiyar zango saura yarinya ɗaya, kuma a ajina take. Doguwa ce, siririya, da wani koɗaɗɗen hijabi. Kakarta ce ta kawo ta, ta ce daga wajen Zurmi suke, 'yan bindiga sun kore shanunsu, 'yan sa-kai sun ƙone bukkokinsu. Benci guda ita kaɗai take zama a kai, alhali a sauran bencin yara na matse kamar kifi a gwangwani.

Bari in faɗi gaskiya, ni ma ban yarda da ita ba. Ƙanena direba ne tsakanin Ƙaura da Shinkafi, garinmu, kuma an taɓa ɗauke shi a hanya. Ya dawo da rai, alhamdulillahi, amma har yau yana ɗingishi, kuma ya ce da Fillanci masu tsaronsa ke hira. To, in yarinyar nan ta ɗago ido ta bi tagar aji da kallo, sai in ce me take ƙirgawa? Sai dai masu zarginta ma ban yarda da su ba. Shugaban ƙungiyar iyaye, wanda ya fi kowa kumfar baki, ɗan kasuwa ne mai shagon kayan masarufi, kuma akwai masu rantsuwa sun ga babura na lodin burodi a bayan shagonsa suna nufar hanyar daji. Ni ban gani ba. Shugaban makarantarmu kuma, bawan Allah, burinsa a mayar da shi Gusau lafiya, duk wanda ya ɗaga masa murya shi ke da gaskiya. A lokacin ko gaisuwa mutum ya tsawaita maka sai ka koma gida kana juya ta.

A haka darasin Amurka ya zo. Na yi niyyar tsallake shi, sai kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce don me? Na ba da labarin kamar kullum, har na zagaya da wayata ina nuna musu wani tsohon hoto, ɗalibai baƙaƙe rungume da littattafai, sojoji a gefe, matan Turawa baki a buɗe. Aji ya ɗauki zafi, ana ta "Kai!" da "Azzalumai!" Ban kalli bencin baya ba, amma na san kowa ya san da shi. Sai ɗiyar shugaban iyayen, wata mai kaifin baki da ke zama a gaba, ta ɗaga hannu.

"Malama, su baƙaƙen sun taɓa sace wani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To ai shi ke nan. Ba iri ɗaya ba ne."

Na daka mata tsawa na ce wa ya tambaye ta, amma tsawa ba amsa ba ce, kuma yaran sun gane haka. Ita kuwa ta bencin baya kanta na ƙasa tana kwafar abin da ke allo.

Ba a jima ba maganar zagawa ta taso. In an kaɗa ƙararrawar tara, lokacin da yara ke rugawa wajen mai awara da mai ɗanwake, yarinyar ba ta bin su. Sai ta jira wuri ya yi tsit, ta zagaya bayan ajinmu, inda katanga ta zube, ana hango gonaki da hanyar da ta miƙe daji. Yara suka ce sun leƙa sun gan ta ta juya baya, ta cusa kai cikin hijabi, hannunta a wajen baki. Kafin labarin ya isa kasuwa ya zama waya ce da ita, ƙarama, kuma kullum tana ba 'yan uwanta rahoton yawan ɗalibai da wurin da katanga ta faɗi. A wannan yanki, inda kowace uwa ke kwana da fargabar a kwashe 'yan makaranta, irin wannan magana ba wasa ba ce. Iyaye suka fara riƙe 'ya'yansu a gida.

Ni ma na sa mata ido. Na tsaya a taga na ga wucewarta, tana waige-waige, hannu ɗaya a cikin hijabi riƙe da wani abu. Waigen nan ne ya tsaya mini a rai. Na ce mai gaskiya me zai sa shi waige? Na yi tunanin in kira ta in tambaye ta, sai na ce in da gaske ne fa, na tona kaina ke nan, 'yan bindiga su san malamar da ta gano su. Haka na yi ta saƙa da warwara har shugaban iyaye ya riga ni.

Ya zo ana dab da tashi tara, da 'yan sa-kai biyu, bindigoginsu na gargajiya a kafaɗa. Shugaban makaranta ya aiko a kira ni ofis, na tarar yana ta sharce gumi.

Shugaban iyayen ya ce, "Malama, yau za mu kama ta hannu da hannu. Ke mace ce, ke za ki caje ta. In munka samu waya, ita da danginta su bar garin nan yau."

Na ce, "In ba a samu ba fa, Alhaji?"

"Sai ta zauna. Wa ya hana ta?"

Na ce na yarda, amma da sharaɗi, ni kaɗai zan zagaya, su tsaya a ofis, kuma bindiga ba za ta matso kusa da ɗalibata ba. Duk suka ce to. Ban yarda da wannan to ɗin ba, kuma ashe ina da gaskiya.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na ba yarinyar lokaci, sannan na cire takalmina na zagaya a hankali. Tana tsugune a gindin katanga, ta ba ni baya, kanta cikin hijabi, muƙamuƙinta na motsi. Na dafa kafaɗarta. Ta zabura ta miƙe, ta dunƙule hannu ta ɓoye a baya, ta datse baki gam.

Na ce, "Ɗiyata, me ke hannunki?"

Idonta ba a kaina yake ba, yana bayana. Na waiga, sai ga Alhaji da 'yan sa-kai da shugaban makaranta, bayansu kuma kusan duk ɗaliban makarantar, wasu da awara a hannu.

Alhaji ya daka tsawa, "Da wa kike magana? Ke! Da wa kike magana?"

Kumatunta a cike, ta kasa ko motsa leɓe. Na ga maƙogwaronta ya motsa tana ƙoƙarin haɗiya. Sai ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya yi ihu, "Sim ne! Za ta haɗiye sim! Haka suke yi!" Kafin in ce wani abu ya sha gabana ya ɗaga bindiga. Yara suka watse da kururuwa suka sake dawowa. Na shiga tsakaninsu ina zaginsa, ban ma san me nake faɗa ba, na juya na riƙe fuskarta da hannu biyu.

Na ce, "Don girman Allah tofar. Ko mene ne, tofar, kada su kashe ki."

Ta dube ni, hawaye na zuba. Sannan ta sunkuya ta tofar a ƙasa, gaban maza, gaban kowa. Dawo ne, curin furar da ba a dama ba. Na buɗe hannun da ta ɓoye, sauran dawon ne a ƙullin leda, duk ya marmashe.

Sai wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Ɗan sa-kan ya sa tsinke yana tona abin da ta tofar, wai ko sim ɗin na ciki. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Wa ye a cikinmu bai san Fulanin daji ba sa cin abinci a gaban mutane? Tun muna yara a Shinkafi da wannan muke tsokanar masu tallar nono, mu ce Bafillatana ta gwammace ta faɗi da yunwa da a ga bakinta na motsi a kasuwa. Alhaji ya sani, shugaban makaranta ya sani, ni ma na sani. Tsoro ne ya shafe mana shi gaba ɗaya.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, ai gara da anka bincika. Yanzu hankalin kowa ya kwanta. Ta ci gaba da karatunta." Shugaban makaranta har da yi masa godiya. Na faɗa wa Alhaji maganar da ba zan rubuta a nan ba, har yau ba ma gaisawa.

Washegari ajina ya cika, duk waɗanda aka riƙe a gida sun dawo. Ita ce ba ta zo ba. Na jira kwanaki, sannan na tambayi inda suke, aka kwatanta mini wani kango kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Bayan la'asar na tafi. Maƙwabciyata har tana ja mini kunne, wai in kula, kada a ga ƙafata a can a ce ni ma da ni.

Ɗaki ɗaya ne ba ƙyaure, an rataya buhu a ƙofa. Kakar ta shimfiɗa mini tabarma, yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na ce, "Inna, na zo biko. An wanke ta, kowa ya ga ba ta da laifi. Shugaban makaranta da kansa ya ce ta dawo."

Tsohuwar ta yi magana a hankali, da Hausarta mai karyewa.

"Malama, zagi mun ce ta haƙura. Jifa mun ce ta haƙura. Ni na ce mata karatu ya fi shanu, tunda shi ba a kore shi. Amma an sa ta fid da abinci daga bakinta gaban maza. Da wane ido za ta zauna cikinsu?"

Na ce yara ne, za su manta. Na ce zan riƙa ba ta makullin ofishin malamai mata ta ci abincinta a ciki. Na ce zan nema mata wata makarantar. Na juya wajen yarinyar na ce, "Ke fa, ɗiyata, me kika ce?"

Ta girgiza kai. "Ko'ina an ji, Malama."

Daga nan na san na rasa ta, kuma raina ya ɓaci fiye da ranar bindigar. Na yunƙura zan tashi, tsohuwar ta ce haba, baƙo ba ya fita haka. Ta yi wa jikar magana da Fillanci, yarinyar ta dama fura a ƙaramar ƙwarya, da ruwa, don ba su da nono. Ta ajiye a gabana, ta ɗora ludayi. Sai na ga su biyun sun miƙe. Na ce ina za su? Tsohuwar ta ce, "Sha a hankali, Malama, ba mai ganin ki." Suka fita suka saki buhun ƙofar, suka tsaya a rana har in gama.